Yadda za ka sanar da mutane cewa kai kurma ne ko jinka ya ragu

Fara da gyara kalmar. A Hausa "ba ya ji" fuska biyu gare ta, domin yaro mai kunnen ƙashi ma haka ake ce masa. Saboda haka ka ambaci kunnen: "kunnena ba ya ji", ko "na hagu ya mutu, da na dama nake ji". In ko an ɗaga murya ba ka kama magana, ka ce kai kurma ne kai tsaye. In kana tsintar magana a ɗaki amma tana ɓace maka a kasuwa, ka ce jinka ne ya ragu. "Bebe" kuwa asalinsa wanda ba ya magana ne, alhali kurame da yawa suna magana sarai, musamman waɗanda sanƙarau ko ƙyanda ta tafi da jinsu bayan bakinsu ya buɗe. Wasu sun rungumi sunan, wasu ba sa so. In ba ka so, ka gyara wa mai kiran tun karon farko.

Ka faɗa da zarar an gama gaisawa, kuma kada ka tsaya a sunan lalurar. Wanda aka ce wa "kurma ne ni" aka yi shiru, ihu zai fara, ihu kuma yana ɓata siffar leɓe, mai na'urar ƙara ji kuwa sai ya ji kamar ana buga gwangwani a kunnensa. Ba shi aikin yi: "Ka fuskance ni, ka yi magana a tsanake, ba sai ka ɗaga murya ba." Tazarar taku biyu tsakaninku ta isa, haske kuma ya sauka a fuskarsa, kada ya ba taga baya. In ba ka gane ba sau biyu, ka roƙe shi ya sauya kalma maimakon ya yi ta nanatawa.

Mutane suna ɗauka mai kallon baki yana gane komai, to ka cire musu wannan. Bari, ɓari da mari duk iri ɗaya suke a leɓe. K, ƙ da g can cikin baki ake yin su, ido ba ya kai wa gare su, balle hawa da saukar murya da ke raba kalmomin Hausa. Don haka farashi, lambar waya da adadin ƙwayar magani a rubuta su ko a nuna da yatsu.

Wurin manya akwai ƙarin aiki, tun da zuba wa babba ido raini ne a al'ada. Ka riga shi: "Baba, a yi mini afuwa, bakinku nake kallo don in fahimta." Surukai a sa wani ya sanar da su kafin zuwan farko. Mai niƙabi ko takunkumi, rubutu a waya ya fi sauƙi.

A asibiti suna ake kira, kurma kuma yakan wuni a benci layinsa ya wuce. Ka shaida wa mai karɓar kati a taɓa ka ko a ɗaga maka hannu. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta ɗora wa asibitocin gwamnati samar da hanyar fahimtar juna da irin wannan majiyyaci. In za a kawo tafinta, ka faɗi wacce kake yi: maganar hannu ta gargajiya da kuramen Kano suka gada, ko ta makaranta mai tushe a Amurka, wadda Andrew Foster, wani malamin kurame ɗan Amurka, ya shigo da ita Najeriya wajen 1960. Ba ɗaya ba ne.

Ka riƙe ɗan kati mai layi biyu, Hausa da Turanci, da ke bayyana matsalar jinka a aljihun gaba, saboda shingen jami'an tsaro. Ka fara nuna kunne kafin ka sa hannu a aljihu. A WhatsApp ka rubuta a bayananka cewa saƙon murya ba ya isa gare ka.

Babban kuskure shi ne gyaɗa kai da "to, to" don kunya. Mai magana zai tafi da tabbacin ka ji, gobe a ce ka saɓa alkawari. Maimaita abin da ka kama: "Laraba ka ce, bayan la'asar?" In ba haka ba ne, sai ya gyara nan take.