Yadda ake tsara gorar roba da za a iya sake sarrafa ta

Duk wanda ya ga Mina bayan alhazai sun watse ya san tarin gorar ruwan da ake kwashewa. Ko gorar nan ta sake zama sabuwar gora, ko ta ƙare a juji, tun a teburin zane na masana'anta aka gama magana. Ga yadda masu aiki a Sina'iyya, wato unguwar masana'antu, ta Jidda ko ta Riyad, musamman a sashen zane da na sayen kaya, za su bi.

Da farko, san abin da zai sami gorar bayan an jefar. Niƙa ta ake yi, a zuba ɓarɓashin cikin tankin ruwa. Robar PET, wadda aka fi yin gorar ruwa da ita, mai lamba 1 a lambobin nau'in roba, nauyinta kusan giram 1.38 ne a kowace santimita kubik, don haka nutsewa take yi. Robar PP mai lamba 5 da ta HDPE mai lamba 2 ba su kai ruwa nauyi ba, sai su taso sama. To ka yi jikin gora da PET, murfi da PP ko HDPE, ruwa da kansa zai raba su.

Kada PVC, wani nau'in roba, ya shigo ko ta ina, ko a lakabi ko a shafin cikin murfi. Shi ma nutsewa yake yi, ya cakuɗe da PET. Ana narka PET a wajen digiri 260, shi kuwa PVC tun kafin a kai nan ya ƙone, ya fitar da iskar asid mai cin ƙarfen injin, ya bar baƙaƙen ɗigo da launin rawaya a kayan. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata buhu guda. Ka nemi mai kawo maka lakabi ya rubuta irin robarsa a takarda, "ba matsala" ta baki ba ta wadatar ba.

Lakabin ya zama na PP, da gam mai saki a ruwan sodar wanke roba mai zafin digiri 80 zuwa 85. Na takarda dagargajewa yake yi ya manne wa ɓarɓashi. Rigar ledar da ke lulluɓe gora daga wuya har gindi kuma ruɗa na'urar da ke tantance nau'in roba da haske take yi, domin rigar take karantawa. In 'yan talla suka dage sai an sa ta, a huda mata layin yagewa.

Launi: garau, ko shuɗi mai haske. Baƙi yana shanye hasken na'urar, gora ta wuce ba a gane ta ba.

Sai rage nauyi, inda mai masana'anta zai saurare ka da kyau, don kuɗi ne. Giram 1 a gora miliyan 10 tan 10 ne na roba. Fara da wuya da murfi, can roba ta fi taruwa, sannan ka sa zobba a jiki su riƙe ƙarfi. Amma Saudiyya ba Turai ba ce. PET yana fara laushi a wajen digiri 70, kuma tun kafin nan gorar da ta cika siranta takan lanƙwashe a ƙasan katan idan tirela ta wuni a zafin ranar Agusta. Cika samfurin, ajiye shi kwanaki a ɗaki mai digiri 50, sannan ka yi gwajin danna shi daga sama da na sako shi ƙasa. Gorar da ta fashe a hanyar Madina ta yi asarar roba da abin cikinta gaba ɗaya.

Wajen haɗa tsohuwar roba da sabuwa, fara da kashi 10 cikin 100, ka riƙa ƙarawa kana duba haske da ƙarfi. Busar da PET awa 4 zuwa 6 a digiri 160 zuwa 180 kafin ya shiga injin. Danshi kaɗan yana tsinka robar a cikin zafi, gora ta fito da hazo da saurin tsagewa. Idan abin sha za a zuba, kada ka saya sai da shaidar cewa robar ta dace da abinci bisa ƙa'idojin hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, SFDA.

Kafin a sassaƙa ƙarfen zubi, a sa lambar robar a gindin gora. Ƙara ta daga baya sai an tsayar da injin an kwance ƙarfen.