Kurakuran da aka fi yi da auto_expand_replicas a gungun Elasticsearch

Kusan duk matashin da aka damƙa wa gungun Elasticsearch ko OpenSearch (injinan kwamfuta da aka haɗa suna aiki tare da manhajar ajiye bayanai da bincike a cikinsu) a ofisoshin Yamai, da zarar ya ci karo da `index.auto_expand_replicas` sai ya ɗauka ya samu maganin ɗaukewar wuta. Alhali aikin saitin kaɗan ne. Yana ƙirga injinan da ke riƙe da bayanai, sai ya ɗaga ko ya sauke yawan kwafin kowane yanki na fihirisa (tarin bayanan da ake bincike a ciki, wanda ake rarrabawa yanki-yanki a kan injina) tsakanin iyaka biyu da ka ba shi, kamar `0-1` ko `0-all`. Bai san girman faifai ba, bai san ƙarfin layi ba, bai san wane inji ke kan wane gurup ba. A kashe yake zuwa, kuma yawancin fihirisai gara a bar su haka.

Babban kuskure shi ne ɗora `0-all` a kan fihirisa mai nauyi. Ma'anarsa kowane inji ya riƙe fihirisar gaba ɗayanta. A ce tana da 200GB, injina 5 ne: kwafi 4 ke nan bayan na asali, jimilla 1000GB, kuma duk takardar da aka shigar sai injina biyar sun rubuta ta. In faifan kowane inji 250GB ne, wannan fihirisa ita kaɗai ta cinye kashi 80. A kashi 85 gungun zai daina kai wa injin sabbin kwafi, a 90 ya fara kwashe yankuna daga kansa, a 95 ya hana rubutu a duk fihirisar da ke da yanki a wurin. Sai a ga manhaja ta ƙi karɓar bayanai, ana ta zagin mai rubuta manhaja, shi kuwa ba ruwansa.

Abin bai tsaya nan ba. An sayo inji na shida don a rage wa sauran nauyi, ko? Babu abin da zai rage na faifai, shi ma 200GB ɗin zai jawo. Iyakar saurin kwafa, `indices.recovery.max_bytes_per_sec`, ta asali 40MB ce a daƙiƙa, wato sama da awa ɗaya da minti 20 ana kwafa, bincike yana jan ƙafa. In wuta ta sake ɗaukewa a tsakiya, kamar yadda take yi a zafin Afrilu da Mayu, aiki ya koma baya. Ni dai ba na yarda da `0-all` sai ga 'yar ƙaramar fihirisa da ake yawan karantawa, ba a cika taɓa ta ba, irin jerin sunayen garuruwa ko lambobin kaya.

Na biyu ya fi ban haushi, domin shiru yake yi. Injina biyu ke riƙe da bayanai, an sa `0-1`, launin lafiyar gungun a allo kore ne. Ƙarfe biyu na rana batirin da ke riƙe ɗaya ya ƙare kafin a tada gurup. Da a ce yawan kwafi, `number_of_replicas`, a tsaye yake a 1, gungun zai koma ɗorawa, launin da ke nuna akwai kwafin da bai samu wuri ba, ƙararrawa ta buga, wani ya tashi ya duba. Amma da `0-1`, nan take zai sauke kwafi zuwa sifili, ya ce ai babu abin da ya ɓata, ya ci gaba da nuna kore. Mai kallon allo yana yi wa rogo kallon kitse: bayanan hukuma kakaf suna kan faifai guda, a ɗakin da na'urar sanyaya iska ta mutu tare da wutar. Haba jama'a! Wa ya ce muku launi shi ne lafiya? Kore na nufin an samar wa kwafin da ake buƙata a yanzu wuri, kuma ku ne kuka ba shi izinin ya ce ba a buƙatar ko ɗaya.

Gyaran nan iri biyu ne, ni duka nake haɗawa. Kada ƙasan iyakar ya zama sifili a kan bayanan da ba a son rasawa. A sa `1-2`, ta yadda in inji ɗaya ya rage dole launi ya sauya. Sannan ƙararrawa ta riƙa duba `number_of_data_nodes` a amsar `_cluster/health`, in adadin ya gaza wanda aka sani ta yi kuka ko da launin kore ne. `0-1` na kwamfutar gwaji ne, mai inji ɗaya.

Akwai kuma masu kwafi uku da duk suke kan layin wuta ɗaya. A ba kowane inji alama da `node.attr`, gwargwadon batiri ko ɗakin da yake, a saka sunan alamar a `cluster.routing.allocation.awareness.attributes`, don gungun ya raba kwafin tsakanin alamomin. A tuna in saman iyakar `all` ne, ba a bin wannan ƙa'ida. Shi kuma `total_shards_per_node`, mai iyakance yawan yankuna a kan inji ɗaya, ba ya shiga lissafin saitin, don haka saitin yakan nemi kwafin da babu inda za a ajiye, gungun ya maƙale a ɗorawa. Kafin a fara kashe inji ana kunnawa, a tambayi `_cluster/allocation/explain`, zai faɗi dalilin ƙarara.

Sauran ƙanana ne. Canza `number_of_replicas` da hannu alhali saitin yana kunne aikin banza ne, zai mayar da shi; a fara mai da `auto_expand_replicas` `false`. Jinkirin `index.unassigned.node_left.delayed_timeout`, wato jiran da gungun ke yi wa injin da ya ɓace kafin ya fara sabon kwafi, minti 1 ne, bai isa a tada gurup inji ya kammala tashi ba. Nakan kai shi minti 10, kada gungun ya fara kwafar abin da ke dawowa da kansa. In za a kashe inji da gangan, a sa `cluster.routing.allocation.enable` a `primaries` don a riƙa ba yankuna na asali kaɗai wuri, kuma don Allah a cire bayan an gama. In wuta na ɗauke gungun duka, `gateway.expected_data_nodes` zai sa a jira injinan su hallara kafin a fara rabo. Injinan da ke iya shugabanci su zama uku. Da biyu, in ɗaya ya faɗi babu rinjayen zaɓe.

Kwafi kuma ba ajiya ba ne: ka goge fihirisa bisa kuskure, duk kwafin sun tafi tare a daƙiƙar. A riƙa ɗaukar hoton ajiya ta `_snapshot` zuwa wani ginin daban. Masu SolrCloud, wata manhajar bincike irin wannan, su ma su duba sigar da ke hannunsu kafin su dogara da `autoAddReplicas`, domin an cire shi a Solr 9.0.