A saya yanzu ko a jira sabon samfuri?

'Yan uwa masu tambaya ko su dakata da sayen kwamfutar ofis har sababbi su fito, ga tawa shawarar. Kamfanoni kan baje sababbin samfura a taron CES, wato baje kolin kayan fasaha na Las Vegas, a watan Janairu. Amma sanarwa daban, shigowa kasuwa daban. Sai a yi watanni kafin sabuwar laptop irin ThinkPad ta Lenovo ko EliteBook ta HP ta iso shagunanmu, kuma da tsadarta take zuwa.

In taka tana aiki lafiya, ka jira, domin ta bara takan sauko idan sabuwa ta shigo, sai dai in dala ta tashi ta cinye ragin. In kuwa batirin ya kumbura har ya fara ɗaga madannai, kada ka ƙara ko mako.

Masu sayen ta hannu, don Allah ku kula. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son processor (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Intel ƙarni na 8 zuwa sama. ThinkPad X1 Carbon kuwa RAM ɗinta (ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita) a manne yake, ba a ƙarawa daga baya, don haka ka nemi mai 16GB tun farko.