Yadda nake auna tazarar bugun zuciya ga wanda damuwa ke fito masa ta jiki

Duk ma'aikacin lafiya ya san waɗannan majinyata: kai na zafi, wani abu na yawo a jiki, ƙirji na dukan uku-uku, an yi gwajin maleriya da taifot, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Ciwonsu na gaske ne, damuwa ce ta samu hanya ta jiki. Ni abin da ke taimaka mini in gane nauyinta shi ne awon HRV, wato yadda tazarar da ke tsakanin bugu da bugu take sauyawa.

Lafiyayyar zuciya ba ta tafiya kamar agogo. Idan ka ja numfashi takan ɗan yi sauri, idan ka sauke ta lafa, kuma jijiyar begas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa take rage wa zuciya gudu, ita ce ke wannan aiki. Tazara ɗaya ta zo milisakan 950, ta gaba 1,040 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Idan fargaba ta daɗe a jiki, aikin jijiyar yakan ragu, sai tazarar ta riƙa zuwa kusan iri ɗaya.

Kafin awo, a tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ba zazzaɓi ba, ba ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu ba. Wanda zuciyarsa ke bugawa barkatai a yi masa ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa, tukuna, domin awonsa ba zai yi ma'ana ba.

Na fi amincewa da ɗamarar ƙirji irin Polar H10, haɗe da manhajar Kubios a waya, fiye da agogon hannu. A jiƙa cikin ɗamarar da ɗan ruwa, a ɗaura ta a ƙasan ƙirji ta manne da fata. Idan mace ce, ma'aikaciya ta ɗaura mata a bayan labule. Ya zamana da safe ne, bai sha shayi ko kofi ba, bai ci goro ba, bai sha taba ba. Ya zauna ya huta tukuna, sannan a ɗauki minti 5 cur, ba magana, ba taɓa waya. Minti 5 ɗin nan shi ne ƙa'idar gajeren awo da kwamitin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka ya fitar a 1996. Lambar da nake rubutawa ita ce RMSSD, wadda ke nuna yawan bambancin da ke tsakanin kowace tazara da mai bin ta, don ita ta fi nuna aikin jijiyar begas.

Kada a gwada lambar wani da ta wani, a nan ne aka fi ɓata aikin. HRV na raguwa da shekaru, ciwon suga na rage shi, haka ma maganin amitiriftilin da ake yawan rubuta wa irin waɗannan majinyata. Saboda haka mutum da kansa nake gwada shi: lokaci ɗaya, zama iri ɗaya, mako bayan mako. Kusa da lambar ina rubuta barcinsa na jiya, da abin da ke faruwa a gida, da makin da ya samu a tambayoyin PHQ-15, jerin tambayoyi 15 kan yadda ciwukan jiki ke damun mutum. Idan RMSSD na sauka makin na hawa, na san nauyin ya ƙaru ko da ya ce mini "da sauƙi".

Bayan awon nakan juya wa majinyaciya wayar. "Hajiya, ki ja numfashi a hankali ina ƙirga biyar, ki sauke ina ƙirga biyar." Idan kowace ƙirga daƙiƙa ɗaya ce, numfashi 6 ke nan a minti. Sai ta ga layin bugun zuciyarta da ke kwance a wayar ya fara hawa da sauka da idonta. Matar da aka sha gaya wa "ba abin da ke damunki" takan fara ba da labarin abin da ke hana ta barci daga nan, kuma labarin nan ne nake nema tun farko.

Lambar ita kaɗai ba ta tabbatar da cuta. Wanda ya daina cin abinci, ko ya ambaci gajiya da rayuwa, ina tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar, komai kyan awonsa.