Darasi na 9: Karen da aka tsinto yana ɓoye abinci

A Damagaram akan ajiye kare don gadin gida ko na garke, wasu kuma don farauta. Sau da yawa tsinto shi aka yi a juji, ko a bayan rumfar mahauta wajen kasuwar Dole, haƙarƙarinsa duk a waje.

Ka zuba masa tuwo, sai ka ga ya ɗauki rabi ya nufi gindin darni. Ya tona rami da ƙafafun gaba, ya saka, ya tura rairayi da hanci ya rufe. Wani zai ce ƙoshi ne ya sa shi rainin abinci, har ya ɗauko sanda. Kada ka doke shi. Halin gado ne: dila da kyarkeci ma haka suke binne ragowar nama don ranar da babu. Karen da ya taso a titi bai taɓa sanin yaushe zai sake ci ba, shi ya sa yake ajiya. Duka tsoro zai ƙara masa, ɓoyon kuma ya ƙaru.

Maganin shi ne lokaci. Babban kare sau 2 a rana, da safe da kuma bayan la'asar, kullum a wuri ɗaya mai inuwa, cikin kaskonsa shi kaɗai. Kwikwiyo sau 3 ko 4. Idan ya ci, ka jira minti 15 ka ɗauke saura. Sannu a hankali zai gane abinci yana dawowa. Wani ya daina da wuri, wani ya jima.

In ya zo a rame ƙwarai, kada tausayi ya sa ka cika masa kasko. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar ci mai yawa lokaci guda. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Tuwon hatsi ko ƙanzo da romo da ɗan kayan ciki dafaffe sun isa farawa. Ban da albasa da tafarnuwa, suna lalata masa jini. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji. Ruwa kuwa kada ya yanke, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. A wannan zafin abin da ya binne yana saurin ruɓa, sai ka tone ka zubar idan ba ya nan.

A hana yara matsawa kusa da shi yana ci ko yana tsaron raminsa, nan ne yakan yi cizo. A kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Tambayoyi:
1. Me ya sa karen titi yake binne abinci?
2. Rubuta abu biyu da ba a ba kare.