Kurakuran da ke sa uwargida ta bar tukunya ta koma leda da gwangwani

Duk amaryar da ta zo gaishe ni a 'yan shekarun nan, muddin hira ta gangaro kan girki, kukan ɗaya ne: "Adda, abincin gida akwai cin lokaci, ga gas ya yi tsada, ga shi in an yi ma yara ba sa ci." Daga nan sai ki tarar indomi ita ce karin kumallo ita ce abincin dare, miya kuwa tumatirin leda ne da dunƙulen magi. Ba na cewa a haramta waɗannan abubuwa. Ni ma ina ajiye su saboda ranar da baƙo ya faɗo ko jiki ya ƙi daɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne yarinya ta gwada girka abincin gida, ta yi kuskuren da kowa ke yi, abin ya ƙi, sai ta ɗora wa tuwo laifi ta yi sallama da muciya. Na gaji da maimaita gyara ɗaya ga mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskure na farko shi ne fara komai a lokacin da yunwa ta riga ta iso. Ƙarfe biyar na yamma ta yi, sannan za ki aiki yaro markaɗe, sannan za ki tuna babu gari, sannan za ki nemi daddawa a maƙwabta. To wane tuwo ne zai sauka kafin magariba? Dole ki ce akwai wahala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayenmu da suka ciyar da gida mai mutum goma sha ba su fi mu hannu ba, sun dai fi mu shiri. Ni al'adata, washegarin ranar da aka yi cefane babba ba na yin wani girki mai nauyi, ranar aikin tanadi ce. A surfa masara a wanke a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe a zuba a bokiti mai murfi. A daka daddawa da citta da masoro da ɗan kanumfari a zuba a kwalba. A tankaɗe kuka da busasshiyar kuɓewa. A tsince wake, a ɓare tafarnuwa. In duk wannan yana ajiye, tuwon masara da miyar kuka ba ya wuce awa guda, kuma rabin awar ma zaman jiran talge ne, kina iya yin wani aikin.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai, domin na ɗanɗana kuɗarsa: dunƙule. Na sha ganin yarinya tana ɓare guda takwas, guda goma, a miyar mutum biyar, ta ƙara gishiri, ta ƙara wani garin ɗanɗano na leda, ta ce wai miyar ce ba ta ji ba. Ƙanwata, miyar ba ta soyu ba ne. Abin da kike yi binne ɗanyen tumatir ne da gishiri.

Ni ma haka hannuna ya saba a farkon aurena, kuma kowa yana yaba girkina. Surukata tana zaune tare da mu a lokacin, daga tukunya ɗaya muke ci. Ta fara kukan ciwon kai da jiri, muka kai ta asibiti, aka auna aka ce jininta ya hau sosai. Likitan ya tambayi wa ke girki a gidan, na ce ni ce. Ya ce in faɗa masa dunƙule nawa nake sa wa a miya. Da na faɗa, sai ya ajiye biro ya dube ni. Ba na cewa girkina kaɗai ya jawo mata ciwon, akwai shekaru, akwai gado. Amma na san ni ce nake zuba mata gishirin safe da dare, tana ci tana cewa, "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan." Wannan albarkar ta daɗe tana yi mini nauyi a ƙirji.

Wahalar ma ba ta tsaya nan ba. Da na yanke dunƙule farat ɗaya, gidan ya ƙi cin abinci. Maigida ya koma sayen tsire a hanya, yara suna ture kwano, tuwo yana kwana ana zubarwa. Harshensu ya riga ya saba, kuma ni na saba musu. Saboda haka kar ki yi irin nawa. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, guda ɗaya a mako, ba tare da kin yi shela ba. Harshe yana komawa daidai in an bi shi a hankali.

Ki riƙe wannan lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya ci tun safe. Shi kuwa dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Ɗan ƙullin garin da ke cikin ledar indomi shi ma gishiri ne ya fi yawa a ciki, ga burodi, ga kifin gwangwani. Ki haɗa duka ki ga abin da ke shiga cikin yaron da bai kai shekara goma ba.

Daɗin miya daga ina yake fitowa, in ba daga leda ba? Daga haƙuri a wurin suya. Ki soya albasa har ta yi ja ta saki ƙamshi. Ki zuba markaɗe ki bar shi a buɗe ruwansa ya tsotse, ki ci gaba da juyawa har mai ya taso sama, tsamin ya tafi da kansa. Masu zuba kanwa ko bakar hoda don su kashe tsami da wuri suna kashe launin miyar da ɗanɗanonta tare. Daddawa kuma da wuri ake sa ta, ta dahu cikin ruwan nama har warinta ya koma ƙamshi. Masu cewa daddawa tana da wari, a ƙarshe suke barbaɗa ta. In babu nama, ƙashi ya isa, ko kan busasshen kifi a daka a tace. Ni dunƙule guda biyu nake sa wa a babbar tukunya yanzu, miyar kuka da ta karkashi kuwa ba na sa ko ɗaya. Na san akwai gwanayen girki da ba su yarda da ni ba a kan wannan, amma haka nake yi kuma kwanona yana dawowa a suɗe.

Wani kuskuren kuma da ya ci mini dukiya shi ne na ajiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, kowa ya gane sayen mudu-mudu asara ne, gara a sayi buhu lokacin kaka. Wannan gaskiya ne. Amma sayen buhu daban, iya ajiye shi daban. Wata kaka muka haɗa ɗan abin da muke da shi muka sayo masara da gyaɗa a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe, sababbi fil, da araha. Na sa aka jingina buhunan a kan siminti a lungun ɗakin ajiya, na rufe ƙofa hankalina kwance. Ashe ba su gama bushewa ba. Ranar da na kwance bakin buhun, ɗumi ne ya fara bugun hannuna, sannan wari. Masarar ƙasa ta yi baƙi-baƙi da kore-kore, gyaɗar ta yi ɗaci. Abincin da muka yi lissafin zai kai mu damina ke nan.

Wata maƙwabciya ta ce in wanke in shanya in kai niƙa, ai wuta tana kashe komai. Wallahi kar ki yarda da wannan maganar. Funfunar da ke kama masara da gyaɗa tana iya barin wata guba da ake kira afilatoksin, dafuwa ba ta kashe ta, kuma hanta take ci a hankali. Wankewa tana cire abin da ido ke gani ne kawai. Haka na rufe ido na zubar, ko kaji ban ba su ba.

Tun daga nan duk hatsin da ya shigo gidana sai ya sake shan rana a kan tabarma, ko mai sayarwa ya rantse ya bushe. Ina gwada ƙwaya da haƙori, in ta fashe ƙas to ta bushe, in ta lotsa da saura. Wani gwajin kuma, ki zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a busasshiyar kwalba ki rufe ki girgiza, ki bar ta jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai danshi. Buhu kuma a kan katako ake ɗora shi, nesa da bango. Wake, wanda Allah Ya hore mana shi a ƙasar Gombe, ba ya buƙatar a zuba masa maganin ƙwari. Ki cika jarka da shi taf, ki toshe bakin da leda ki ɗaure murfi, ko ki sayi buhun nan mai leda biyu a ciki. In iska ba ta shiga, ƙwari suna mutuwa da kansu.

Tumatir ma da lokacinsa. Da sanyi, lokacin da kayan noman rani na Dadin Kowa da Kwadon suka cika kasuwa, 'yan gwari har roƙon mai saye suke yi. Da damina ta kama kuwa sai ki ga ƙwaya huɗu a faranti da kuɗin da zai ba ki mamaki. Kuskuren da ake yi shi ne a markaɗa kwando guda a cusa a firji, a dogara da wutar da ba ta da alkawari. Kwana biyu babu wuta, markaɗe ya kumbura ya yi tsami. Ni yanka nake yi in shanya a kan tsaftatacciyar tabarma a sama, in lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Wannan kauɗar, da ta tattasai da attaruhu, ita ke riƙe ni har kaka. In za a yi miya sai a jiƙa ta da ruwan ɗumi, a wanke sosai saboda yashi, a markaɗa da albasa mai yawa. Wanda zan yi amfani da shi cikin mako kuwa, tafasa shi nake yi har ya yi kauri, in soya da mai, in riƙa ɗumamawa kullum.

Sauran ƙanana ne, amma su ma suna korar mutane daga cin abincin gida. Tuƙa tuwo kafin talge ya dahu, shi ke kawo warin gari da tuwon da ke saki kafin safe, kuma bayan tuƙi a rufe shi ya turara. Kaɗa kuka a kan wuta mai ƙarfi, sai gudaji. Ki rage wuta, ki riƙa barbaɗawa kina burgawa. Rufe tukunyar ɗanyar kuɓewa yana tsinka yauƙinta. Alayyafo da zogale ba nama ba ne, kar ki dafa su har su yi baƙi. Cika wa wake kanwa don ya yi saurin nuna yana rage masa amfani, ya kuma ɓata ciki. Ki jiƙa shi tun dare, gas ɗin ma sai ya fi auki. Abin da ke daɗewa a wuta, irin su ganda da wake da tuwon shinkafa, a kan gawayi nake ɗora su, gas na miya ne da shayi.

Sai batun yara, kuma a nan ku iyaye nake wa faɗa. Yaro ɗan shekara uku bai san hanyar shago ba, ke kika nuna masa. Ya yi kuka sau ɗaya a kan tuwo kin tashi da gudu kin ɗora masa indomi, gobe me zai hana shi sake kuka? Taliyar nan gari ce da mai da gishiri, tana cika ciki amma ba ta da abin gina jiki sosai. In dai za ki dafa ta, ki sa rabin ƙullin garin, ki fasa ƙwai, ki yanka kabeji da karas ko alayyafo. Kuma kar ta zama ta kullum. Ɗumamen tuwo da man shanu bai fi ta daɗewa a wuta ba. Kunun gyaɗa ma, in kina da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da gasara a ajiye, kafin yara su gama wanka ya sauka. Ɗanwake garinsa yana wata guda a bokiti bai yi komai ba. Masa kuwa, wadda maƙwabtanmu na Bauchi suka yi suna a kanta, da dare ake kwaɓa ƙullinta ya kwana ya tashi, da safe suya ce kawai.

Ku ma magidanta akwai naku. Mutum ya bar kuɗin cefanen yini ɗaya cif-cif ya fita, ya dawo yana tambayar me ya sa kullum taliya. Da wannan kuɗin ba a sayen buhu, ba a yin kauɗa, ba a kai niƙa. Ku zauna da matanku kafin kaka ku yi lissafin masara, dawa, wake da gyaɗar da gidan ke ci, a saya lokacin da suke da sauƙi, a sayo katakon ɗora buhu da jarkokin wake tare da su.