Babi na Shida: Idan Mota Tana Nawar Tashi

Darasi na 1: Saurara tukuna

Kada ka yi saurin buɗe bonet. Zauna a kujerar direba, ka ja burkin hannu, ka sa giya a firi. Idan motar otomatik ce, sandar giya ta tsaya a kan harafin P. Kashe rediyo da fanka da fitilu. To, murɗa makulli, ka kasa kunne.

Ɗaya daga cikin abu uku za ka ji. Ko injin ya juya da nauyi, yana ja da ƙyar. Ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas, injin bai ma motsa ba. Ko kuma ya juya da sauri lafiya lau, amma ya daɗe bai kama ba. Na farko da na biyu matsalar wuta ce. Na uku yawanci mai ne ko filogi. In ba ka bambance ba, sake gwadawa, ba laifi ba ne. Amma kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. Ƙirga ɗaya zuwa goma, ka saki, ka jira minti guda, domin kik, wato na'urar da ke juya inji wajen tayarwa, yana zafi har ya ƙone.

Darasi na 2: Kan batir

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin kuskure, saboda haka a hankali za mu bi.

Kashe mota, ka zare makulli, ka sa a aljihu. Cire zobe da agogon ƙarfe. Ban da taba, ban da ashana kusa da batir, domin yana fitar da iska mai kama wuta.

Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa, wato +, sau da yawa da jar murfi. Ɗayan yana da alamar ɗebewa, wato −, wayarsa galibi baƙa ce. Kada ka dogara da launi kaɗai, don akan canza waya. Share ƙurar, ka nemi alamar da idonka, ka ɗora yatsa kusa da ita, ka faɗi sunanta da baki. Tarawa. Ɗebewa. Madalla.

Yanzu kama kan wayar da hannu, ka gwada juya shi hagu da dama. Ya motsa? Idan ya motsa ko kaɗan, ka sami mai laifi. Dubi kuma ko akwai wani gari fari ko kore-kore da ya taru a wurin. Wannan garin yana tare wuta. Batir na iya cika fal amma wutar ba ta isa kik ba, kamar tiyon da aka taka alhali tanki cike yake da ruwa.

Ɗauko sifana, yawancin ƙananan motoci mai lamba 10 ce. Kwance na ɗebewa da farko. Na ɗebewa da farko, sannan na tarawa. Dalili kuwa, wayar ɗebewa a jikin mota take ɗaure. Idan ka fara da na tarawa, sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta yi tartsatsi, ta ƙona hannu ko ta lalata wayoyi. Maimaita: wanne ake fara cirewa? Na ɗebewa.

Zuba cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwan ɗumi, ka wanke kan batir da tsohon buroshin haƙori. Za ka ga yana kumfa, haka ake so. Kada ruwan ya shiga cikin batir, kada kuma ka taɓa ido. Goge da tsumma, ka kankare da samfefa har ƙarfen ya yi haske, har da cikin zoben da ke bakin wayar. Wannan cikin ne ake mantawa.

Wajen mayarwa sai a juya: na tarawa da farko, na ɗebewa a ƙarshe. Ɗaure da sifana. Sake kamawa da hannu, ka juya. In ya motsa, ba ka gama ba. Ƙara ɗaurewa, ka sake gwadawa. Shafa ɗan giris a sama.

Kuma don Allah a daina buga kan batir da dutse, a daina cusa ƙusa a tsakani. An faɗa an sake faɗa, amma da an fita aji sai a koma gidan jiya. Dutse yana fasa batir, ba ya ɗaure komai. Mutum ya tafi ya sayo sabon batir da kuɗin cefanen gidansa, alhali noti ɗaya ne ya kwance! Kafin ka sayi komai, juya kan batir da hannu.

Bi baƙar wayar nan ta ɗebewa har inda ta ɗauru a jikin mota. Can ma ta kan yi tsatsa ko ta kwance.

Darasi na 3: Awo da mita

In akwai mitar awon wuta, juya ta zuwa lamba 20 a gefen harafin V mai miƙaƙƙen layi. Jan tsinke a kan tarawa, baƙi a kan ɗebewa. Mota a kashe, 12.6 batir cike yake. Kula da ɗigon da ke tsakani, a karanta sha biyu da ɗigo shida. In ka ga 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa sai caji. Sa wani ya murɗa makulli kana kallo: in lambar ta faɗi ƙasa da 9.6, batir ya gaji. Bayan mota ta tashi, ya kamata ka ga wajen 14. In ta tsaya a 12, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji, duba bel ɗinta.

Babu mita? Kunna manyan fitilu, a murɗa makulli. In sun dushe sosai, batir ne ko kansa. In suna nan da haskensu amma inji bai juya ba, kai wa rewaya ya duba kik. Ka dai tabbata ka juya kan batir tukuna.

Batir mai rauni ya fi tona kansa da asubar hunturu.

Darasi na 4: Mai da filogi

Inji na juyawa da sauri amma bai kama ba. Duba ko akwai mai, kada ka ji kunya. Murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ka tsaya nan. A motar da famfon manta ke cikin tanki, za ka ji ɗan guri daga baya na daƙiƙa 2 ko 3. In shiru, a duba fis da famfon. Filtar mai ma tana toshewa. Filogi in ya yi baƙi ko ya jiƙe, a canza.

Darasi na 5: Motar dizal

Jira fitilar hita, mai kama da naɗaɗɗiyar waya, ta mutu kafin ka tayar. In har yanzu tana nawa da safe, bakanike ya gwada hitocin, wato abubuwan da ke ɗumama cikin inji kafin ya tashi.